Laraba, Hawa na Shida

Kakata Bok-rye ta ƙirga kuɗin sau biyu a kan akwatin ƙanƙara,
takardun da ɗan danshi, suna ƙarnin kifi.
Ta ce, "Je ka, Do-gyeom, su haska maka fuskar.
Ni dai ban taɓa jin fitila ta warkar da kowa ba,
amma ai kifin da ya sha rana ba ya ruɓewa."

Daga kasuwar Jagalchi zuwa Seomyeon tasha tara ce.
A cikin jirgin kowa ya duƙufa kan wayarsa,
ni kuwa na rantse ƙirga min ƙuraje suke yi:
uku a goshi, ɗaya a gindin kunne ya nuna har ya yi ido,
sauran na lulluɓe su da takunkumi
kamar mai ɗauke da kayan sata.

Ɗakin fari fat, babu taga.
Nas Hye-ran ta goge min fuska da auduga mai sanyi
ba tare da ta yamutsa tata ba.
Na lura da wannan. Ina lura da irin wannan.
Ta rufe min idanu da wasu baƙaƙen marafai ƙanana,
ta ce, "Minti ashirin. Hannu a ƙasa. Ban da sosawa."

Sai shuɗin ya sauko.

Ko ido a rufe yana kutsowa ta gefe,
ba shuɗin tekun Busan ba ne, wancan yana da gishiri da hayaniya,
wannan shiru gare shi, da ɗan ɗumi
kamar numfashin wani kusa da kumatu.

Likita ya ce wasu ƙwayoyi ne suka tare a ƙofofin fatata,
suna cin maiƙo, suna hayayyafa,
suna tara wani abu a cikinsu da ba ya jure wannan haske.
Wato da hannunsu suke dama abin da zai kashe su.
Na ji tausayinsu kaɗan.
Ni ma haka nake yi gaban madubi da tsakar dare,
da farce biyu, da baƙar magana.

Bayan shuɗi sai ja, don kumburi ya kwanta.
Injin yana gurnani ƙasa-ƙasa.
Shekara uku ina tafiya kai a sunkuye,
na san kowace tsaga a dakalin makarantarmu,
yau ga ni kwance, fuska a sama, a buɗe,
wani abu yana kallona ido cikin ido
bai ce komai ba.

Mako na uku abin ya ƙara ɓaci.
Na yi fushi, na ce kuɗin kaguwa sun tafi a banza.
Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba, tana fasa ƙanƙara:
"Wanda ya jefa koma ba ya tsayawa zagin ruwa."

Na koma. Laraba bayan Laraba.
Hye-ran ta yanke gashinta, ruwan bazara ya zo ya wuce,
na fara mantawa da takunkumin a aljihu.

Ba su tafi duka ba. Kada in yi ƙarya.
Akwai tabo biyu a haɓa da suka ce sun zo ke nan,
wani sabo kuma ya leƙo jiya, ba sallama.

Da daddare a rumfa, ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ƙuda,
kaka ta kama haɓata, ta juya ta dama, ta juya ta hagu,
yadda take duba kifi kafin ta yi tayi.
Ta ce, "Ba laifi."
Yatsunta duk faso, shekara arba'in cikin ruwan gishiri,
suna kartar fatata mai tsada.
Na so in tambaye ta wane haske ake haska wa hannu irin wannan,
sai mai saye ya zo,
ta sake ni, ta ɗauki wuƙa.